Yadda Sinawa Suka Koyi Turanci da Harshensu

A shekarar 1792 Sarkin Ingila ya tura tawaga zuwa fadar Sarkin Sin, Qianlong, ƙarƙashin jagorancin Macartney, yana neman a sakar wa fataken ƙasarsa mara su yi ciniki. Kafin jirage su tashi aka yi ta cigiyar wanda zai yi tafinta tsakanin Turanci da Sinanci a Ingila, aka rasa. Sai da aka dangana da birnin Naples na Italiya, inda wata kwalejin coci ke horar da limaman Katolika 'yan asalin Sin, sannan aka samo Li Zibiao. Shi ma Latin da Italiyanci ya iya, ba Turanci ba. Ke nan duk maganar da jakadan zai faɗa sai ta ratsa ta wani harshen Turai kafin ta kai kunnen Sarki. A fadar kuwa ba wanda abin ya dama. Daular da ke ɗaukar kanta cibiyar duniya ba ta ga dalilin wahalar da 'ya'yanta kan yaren baƙin da suka zo sayen ganyen shayi ba.

Yau yaro a ƙasar Sin yana fara Turanci tun daga aji uku na firamare. A babbar jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao, harshen waje, wanda ga kusan kowa Turanci ne, yana ɗauke da maki 150 cikin 750 a galibin larduna, daidai da lissafi, daidai da Sinanci kansa. Abin da ya fi jan hankalina a tafiyar da aka yi daga wancan hali zuwa wannan shi ne, in ka cire wasu makarantun mishan, Sinawa ba su taɓa miƙa wa Turanci makarantarsu ba. Darasi suka ɗauke shi, suka koye shi da harshensu, daga littattafan da mutanensu suka tsara suna sane da wuraren da ɗan Sin ke tuntuɓe.

Waɗanda suka fara koyonsa ba malamai ba ne. Tun daga 1757 aka taƙaita cinikin Turawa ta teku a tashar Guangzhou kaɗai, kuma doka ta hana koya wa baƙo Sinanci. Nauyin fahimtar juna sai ya faɗa kan dillalai da masu canji da 'yan kwale-kwale da barorin gidajen fatake. Su suka ƙago wani Turancin buroka: kalmomin Turanci a bakin Sinawa, a jere bisa tsarin jimlar Sinanci. A wajajen shekarun 1830 ana sayar da wani ɗan littafi a birnin na maganar "masu jan gashi", kamar yadda suke kiran Ingilishi a lokacin. Abin da ke cikinsa bai kai kalma da jimla 400 ba, ƙidaya ce da sunayen kaya da abinci da maganar ciniki, kuma babu harafin boko ko ɗaya a ciki. A rubuta kalmar Sinanci, a ƙarƙashinta a sa wasu haruffan Sinanci waɗanda in ka furta su za su yi kama da lafazin Bature. Wannan dabara ba ta mutu ba, har gobe malamai na kama ɗalibai suna yin ta a gefen littafi. Guangzhou ɗin nan dai ita ce wadda 'yan kasuwarmu na Kano da Legas ke zuwa sarin kaya yanzu, inda ɗan guntun Turanci da kalkuleta ke ƙulla ciniki.

Ƙamus da nahawu sun zo ne ta hannun 'yan mishan. Robert Morrison ya sauka Guangzhou a 1807, ya koyi Sinanci a ɓoye, ya fitar da ƙamus na Sinanci da Turanci mai juzu'i shida a Macau tsakanin 1815 da 1823. Da yake ba a yarda ya buɗe makaranta a cikin ƙasar ba, sai aka kafa kwaleji a Malaka a 1818, ya kuma rubuta wa ɗalibanta littafin nahawun Turanci. Bayan rasuwarsa aka buɗe makaranta da sunansa a Macau a 1839, daga cikinta Yung Wing ya fito, wanda ya gama jami'ar Yale a 1854, ɗan Sin na farko da ya sami digiri a Amurka.

Duk wannan a gefe yake, gwamnati ba ta sa hannu ba. Bindiga ce ta jawo hankalinta. Lokacin da kwamishina Lin Zexu ya je Guangzhou a 1839 don hana fataucin ofiyom, sai da ya tara 'yan tsirarun mutanen da suka iya Turanci suna fassara masa jaridun Turawa, domin ya gane cewa yana faɗa da mutanen da bai san tunaninsu ba. Yaƙi ya ɓarke da Birtaniya, Sin ta sha kashi, ta sa hannu a yarjejeniyar Nanjing a 1842, ta ba da Hong Kong, ta buɗe tashoshi biyar. Aka sake gwabzawa, aka sake yin wata yarjejeniya a Tianjin a 1858, kuma a nan ne aka dasa abin da ya canja komai. Sashe na 50 na yarjejeniyar da Birtaniya ya tanadi cewa takardun hukuma za su riƙa zuwa da Turanci, fassarar Sinanci ta ɗan lokaci ce, kuma duk inda ma'ana ta saɓa, rubutun Turanci ne abin dogaro. A duba nauyin wannan magana: ƙasa ta ɗaure kanta da takardar da manyan jami'anta ba sa iya karantawa. A 1860 sojojin Birtaniya da Faransa suka shiga Beijing, aka ƙone fadar bazara ta Sarki.

Shekara biyu bayan haka, a 1862, Yarima Gong ya sa aka buɗe makarantar koyon harsuna ta Tongwen Guan a Beijing. Da ɗalibai goma ta fara, samari daga gidajen rundunonin daular Qing mai mulki a lokacin, kuma ajin Turanci shi ne na farko, wani ɗan mishan Bature mai suna John Burdon na koyarwa. Kuɗin gudanar da ita daga hukumar kwastan yake fitowa. Sai da aka riƙa biyan ɗalibai alawus kafin su zo, domin a idon manyan gidaje abin kunya ne a ce ɗanka yana ɗaukar karatu a gaban baƙo. Hanyar arziki da daraja ɗaya ce a lokacin, wato jarrabawar shiga aikin sarauta, wadda ta ginu kan haddace littattafan Confucius. Da aka so ƙara lissafi da ilimin taurari a 1867, a kuma jawo masu digirin gargajiya su shiga, babban malamin fada Woren ya tashi haiƙan yana adawa. Hujjarsa ita ce ƙasa da ɗa'a da zukatan mutane take tsayuwa, ba da dabarun hannu ba, kuma ƙasƙanci ne a mai da abokin gaba malami. Ba na ganin Woren a matsayin jahili. Tsoron da ya ji, na kada harshen baƙo ya shigo da ran baƙo, bai taɓa barin ƙasar ba, ya sha dawowa da sabuwar riga. Kuskurensa shi ne bai ga cewa rashin sanin harshen ya riga ya ci ƙasar tara mai tsanani ba.

Makarantar ta rayu, aka buɗe irinta a Shanghai a 1863 da Guangzhou a 1864. A 1891 Sarki Guangxu da kansa ya zauna koyon Turanci a hannun tsofaffin ɗalibanta, ciki har da Zhang Deyi. Tsakanin nan an gwada wata hanya: bisa shawarar Yung Wing aka tura yara 120 zuwa Amurka daga 1872, aka rarraba su gidajen Amurkawa. Suka iya harshen fiye da yadda aka so, suka fara sauya sutura da ɗabi'a, sai aka dawo da su gaba ɗaya a 1881, yawancinsu ba su gama ba. Duk da haka daga cikinsu Zhan Tianyou ya fito, injiniyan da ya shimfiɗa layin dogo daga Beijing zuwa Zhangjiakou.

Bayan Japan ta ci Sin da yaƙi a 1895, harshen waje ya shiga manhajar sakandare, aka kuma soke tsohuwar jarrabawar sarauta a 1905. Kamfanin ɗab'i na Commercial Press, wanda aka kafa a Shanghai a 1897, ya yi suna ne da wani littafin share fage na 1898. Asalinsa littafi ne da Turawa suka rubuta wa yaran Indiya, sai aka sa masa fassarar Sinanci a jikin kowane darasi, ya yi kasuwa ba kaɗan ba. Nahawun Nesfield, shi ma na makarantun Indiya, ya daɗe a hannun ɗaliban Sin. Amma tun da wuri masana suka gane cewa littafin da aka yi wa wani ba zai warkar da ciwonka ba. Yan Fu, wanda ya yi karatun sojan ruwa a Ingila ya kuma fassara littattafan Adam Smith da Huxley, ya wallafa nahawun Turanci da bayanin Sinanci a 1904. Lin Yutang ya zo a ƙarshen shekarun 1920 da jerin littattafan Kaiming, sannan da nahawun da ya juya tsarin da aka saba: maimakon a fara da ƙa'ida, sai a fara da ma'anar da kake son isarwa, a ga yadda Sinanci ke faɗinta, a ga yadda Turanci ke faɗinta.

Me ya sa wannan kwatanci ya zama dole? Domin tazarar da ke tsakanin harsunan biyu ta fi wadda Bahaushe ya sani nesa ba kusa ba. A Sinanci aikatau ba ya canja siffa. Kalmar "ci" ɗaya ce ko jiya aka ci, ko yanzu, ko gobe. Lokaci daga kalmomin da ke kewaye ake gane shi, da wasu 'yan ƙananan ɓurɓushin kalmomi masu nuna an gama ko ana ciki. Suna ba ya canjawa don jam'i. Babu abin da ya yi daidai da "the" da "a". A magana, lafazi ɗaya ne, "ta", ke nufin shi da ita, har sai wajajen 1920 ne marubuta irin su Liu Bannong suka yaɗa wani harafi na dabam don mace, saboda larurar fassara. Shi ya sa za ka ga farfesa ɗan Sin wanda ya rubuta littattafai da Turanci yana magana a kan matarsa ya kira ta da lamirin namiji. Mu da muka taso muna bambance ya tafi da ta tafi, gida da gidaje, yaro da yaron, mun shigo ajin Turanci da guzurin da ɗan Sin ba shi da shi.

Ta fannin kalmomi ma haka. Ɗan Faransa ko ɗan Jamus yana tarar da dubban kalmomin Turanci da suka yi kama da nasa. Mu ma mun aro mota da tebur da asibiti. Sinanci kuwa ba kasafai yake aron lafazi ba, ƙera sabuwar kalma yake yi daga nasa tushen: kwamfuta "ƙwaƙwalwar lantarki" ce, tarho "maganar lantarki". Wannan ƙarfi ne ga harshen, amma yana nufin kowace kalmar Turanci baƙuwa ce fil ga ɗalibi, babu igiyar da zai kama. Ga kuma karatu. Sinanci yana tara duk bayanin da ke siffanta abu a gabansa, Turanci kuma yana jera shi a baya, saɗara na bin saɗara, har jimla ta cika layi huɗu. Ɗalibi zai iya sanin kowace kalma a jimlar amma ya kasa gane wa ya yi me. Saboda haka ne warware "dogayen jimloli masu wuya" ya zama fanni mai zaman kansa a azuzuwan Sin, da littattafansa da gwanayensa: a nemo ginshiƙin jimla tukuna, a ware rassa, sannan a mai da su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai Baturen da ya so ya rage wannan kaya. I. A. Richards na jami'ar Cambridge ya koyar a jami'ar Tsinghua daga 1929, ya kuma dage kan wani sauƙaƙƙen Turanci da abokinsa Ogden ya tsara mai kalmomi 850 kacal. A 1937 ya kai ga shawo kan jami'an ilimi a Nanjing, sai yaƙi da Japan ya ɓarke a watan Yuli, shirin ya watse. Bai haƙura ba. Ya koma Sin yana tsoho a 1979 yana laccoci, can ciwo ya kama shi, aka mai da shi Ingila ya rasu a shekarar.

Da Kwaminis suka karɓi mulki a 1949 sai ƙofa ta juya. Turanci ya zama harshen abokan gaba, musamman bayan yaƙin Koriya, Rashanci ya hau kujerarsa. Aka rufe mafi yawan sassan Turanci na jami'o'i a gyaran 1952, malamai da yawa da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan Turanci aka ce su koma su koyi Rashanci su koyar. Ba a daɗe ba aka ɓata da Tarayyar Soviet, ta janye ƙwararrunta a 1960, a 1964 kuma gwamnati ta ayyana Turanci a matsayin harshen waje na farko a makarantu. Amma zaman Rashawa ya bar gado, wato tsarin da ya raba darasi gida biyu: karatun ƙwaƙƙwafi da karatun shimfiɗa. A na farko, wanda shi ne uwa, ana ɗaukar ɗan gajeren nassi a yi kwanaki a kansa. Malami ya karanta, ya fassara, ya feɗe kowace jimla, ya fito da sababbin kalmomi da ƙa'idojin nahawu, ɗalibi ya haddace nassin ya kawo hadda. Tsarin ya sami gindin zama ne domin ya dace da yadda Sinawa suka shekara fiye da dubu suna karanta littattafan magabatansu. Wanda ya zauna a gaban malamin zaure ana biya masa littafi kalma-kalma ana fassarawa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sunan da ya fi kowane haɗuwa da wannan zamani shi ne Xu Guozhang. An haife shi a 1915, ya yi karatu a Tsinghua da kuma Oxford, ya koma gida a 1949 lokacin da wasu ke neman hanyar fita. A 1963 aka fara buga littattafansa huɗu na Turanci don ɗaliban jami'a. An tsara su ne ga mutumin da ba shi da Bature kusa, ba shi da faifai, ba shi da jaridar waje: lafazi da alamomin sauti, nahawu daki-daki da bayanin Sinanci, kalmomi a ƙididdige, atisayen fassara gaba da baya. Ana iya kushe su da cewa sun cika tauri, kuma siyasar zamanin ta shiga cikin nassoshinsu. Amma mutum zai iya zama shi kaɗai a ɗaki da su ya fito yana karanta Turanci, kuma wannan siffa ce ta sa suka yi amfani a lokacin da ba wanda ya zata.

Domin shekara uku bayan fitowarsu juyin juya halin al'adu ya ɓarke. Daga 1966 aka rufe makarantu, aka dakatar da jarrabawar shiga jami'a. Sanin harshen waje ya zama abin tuhuma. An ci mutuncin malaman Turanci a bainar jama'a, an zargi wasu da leƙen asiri, an tura da yawa gonaki. Sauraron gidan rediyon waje laifi ne mai suna, wato sauraron tashar abokan gaba. Da aka koma aji, darasin farko na Turanci taken yabon shugaba Mao ne da aka juya zuwa Turanci. Ina jin zafin wannan babi ƙwarai, domin mutanen da aka wulaƙanta su ne ƙasar ta koma tana nema ido rufe bayan 'yan shekaru. Sin ta karɓi kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1971, shugaban Amurka Nixon ya zo a 1972, gidajen rediyon Beijing da Shanghai suka fara darussan Turanci. A Shanghai wasu malamai, ciki har da Ge Chuangui da wani matashi Lu Gusun, suna ta haɗa sabon ƙamus na Turanci da Sinanci a ƙarƙashin idon 'yan siyasa. An tilasta musu cusa misalan farfaganda, su kuma suka yi ta shigar da sababbin kalmomi na Turancin zamani gwargwadon iko. Ya fito a 1975, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a tsawon shekaru. Lu Gusun ya ci gaba da aikin har ya kammala babban ƙamus mai juzu'i biyu a 1991.

A Disambar 1977 Deng Xiaoping, ɗaya daga cikin manyan shugabannin ƙasar, ya dawo da gaokao. Mutum miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki kimanin 270,000. Da yake an yi shekara goma ba a koyar da Turancin kirki ba, ba a ɗora shi a kan mutane lokaci ɗaya ba. A 1979 kashi 10 cikin ɗari na makinsa ake lissafawa, a 1980 kashi 30, sannan 50, sannan 70, sai a 1983 ya zama cikakken darasi. Wannan hawa mataki-mataki, a ganina, yana cikin mafi hikimar abin da aka yi a duk tarihin nan, domin ya ba makarantun karkara lokaci su nemo malamai. Ƙishirwar da ta biyo baya ba ta misaltuwa. Ma'aikatan masana'anta da matasan da aka dawo da su daga ƙauyuka suka dinga neman tsofaffin littattafan Xu Guozhang. A 1982 gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna shirin BBC mai suna Follow Me, wanda Kathy Flower da Hu Wenzhong suka gabatar, miliyoyin mutane suna taruwa a gaban 'yan akwatunan da ake da su. A wuraren shaƙatawa da harabar jami'o'i aka sami dandalin Turanci, inda baƙi da baƙi ke haɗuwa don kawai su gwada bakinsu. Littattafan New Concept English na L. G. Alexander suka zama abin haddacewa, har daga baya aka kafa mutum-mutuminsa a wani kamfanin ɗab'i na Beijing.

Sai jarrabawa ta hau kan komai. A 1987 aka ƙirƙiro jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a mai mataki na huɗu, a 1989 aka ƙara mataki na shida, jami'o'i da dama suka ɗaure digiri da cin ta, kamfanoni suka sa ta sharaɗin ɗaukar aiki. Kowace jarrabawa da jerin kalmominta: kimanin 3,500 don gaokao, fiye da 4,000 don mataki na huɗu. Nan "haddar kalmomi" ta zama sana'a. Yu Minhong, ɗan manoma daga lardin Jiangsu wanda sai a zama na uku ya ci gaokao ya shiga jami'ar Peking, ya kafa makarantar New Oriental a 1993 don shirya masu son tafiya Amurka. Littafinsa na kalmomin jarrabawar GRE, mai jan bango, yana koya wa ɗalibi ya fasa kalma zuwa saiwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, ya haɗa ta da wani hoto a zuciya. Dabarar ta yi daidai da kan ɗan Sin, wanda tun yana yaro ya saba fasa harafi zuwa sassansa. A 2006 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York.

Kukan da ya biyo baya Sinawa da kansu suka yi shi, suka sa wa abin suna "Turancin bebe": mutum ya shekara goma yana karatu, ya ci jarrabawa, ya kasa tambayar hanya. Mataimakin firaminista Li Lanqing ya koka a 1996 cewa ana kashe lokaci mai yawa, amfanin kaɗan. Li Yang ya yi suna da Crazy English, yana tara dubban mutane a filayen wasa suna ƙwala jimlolin Turanci da ƙarfi don su kashe kunya. Hukuma ma ta motsa. A 1993 aka shigo da sababbin littattafan ƙaramar sakandare da aka rubuta tare da kamfanin Longman, masu ba da ƙarfi ga hira, da yara biyu Li Lei da Han Meimei waɗanda duk wanda ya yi makaranta a shekarun nan ya san su. Liu Daoyi ce ta jagoranci ɓangaren Sin, abokin aikinta kuwa Neville Grant ne, mutumin da ɗaliban sakandaren Nijeriya suka sani a bangon littattafansu na Turanci. A 2001, shekarar da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya aka kuma ba Beijing gasar Olamfik, aka sauko da Turanci zuwa aji uku na firamare.

Kukan gaskiya ne, amma ban yarda da masu cewa tsarin ya gaza gaba ɗaya ba. A tambayi abin da ƙasar ta nema tun 1862. Ba hira ta nema ba. So take ta karanta yarjejeniya, da littafin injiniya, da mujallar likitanci, da takardar bayanin na'ura. Wannan kuwa ta samu. Injiniyan da ke in'ina a gaban baƙo yana karanta binciken da aka buga jiya a Amurka, ya tattauna shi da abokan aikinsa da Sinanci, domin da Sinanci ya koyi lissafinsa da kimiyyarsa. Yaron da Turanci ya gagara bai rasa sauran ilimi saboda haka ba. Inda tsarin ya yi zalunci na gaske shi ne wajen rabo. Ɗan Shanghai mai malamin gida da tafiye-tafiyen hutu, da ɗan ƙauyen Gansu wanda malaminsa bai taɓa magana da Bature ba, maki 150 ɗaya suke nema, kuma a darasin Turanci ne kuɗin iyaye ya fi bayyana.

Wannan rashin daidaito, tare da tsadar tarbiyyar yara da kuma tsohon tsoron nan na tasirin baƙi, su suka kai ga matakin Yulin 2021, lokacin da gwamnati ta hana kamfanoni cin riba da darussan bayan makaranta a manyan darussa ga yaran firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma toshe hanyar ɗaukar malamai daga ƙasashen waje su koyar ta intanet. New Oriental ta sallami ma'aikata kimanin 60,000 a shekarar, ta ba makarantun karkara kyautar tebura da kujerunta, ta koma tallan amfanin gona kai tsaye ta intanet. A 2022 wani tsohon malaminta, Dong Yuhui, ya shahara a faɗin ƙasar yana tallan shinkafa da nama yana rubuta sunayensu da Turanci a ɗan allo. Manhajar da aka fitar a shekarar ta ware wa harshen waje kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na lokutan darasi, Sinanci kuma kashi 20 zuwa 22. Sau da dama a taron majalisun ƙasar na watan Maris wani wakili kan tashi ya nemi a rage makin Turanci ko a cire shi daga manyan darussa, a yi ta muhawara a kafafen sada zumunta, iyayen karkara da na birni kowa da inda yake ja. Ma'aikatar ilimi dai ba ta cire shi ba, kuma a watan Yunin kowace shekara ɗalibai fiye da miliyan 10 ne ke zama gaokao.